Daga Batirin Dalma zuwa Batirin Litiyam

An kafa Hukumar NEPA a 1972, amma wutarta ta daɗe ba ta kai ƙauyuka irin na Tsanyawa ba. Batirin mota ne ke kunna talabijin, in ya mutu a kai shi gari caji. Wannan batiri na dalma, wanda Gaston Planté ya ƙago a Faransa a 1859, yana jure ganganci. Na litiyam kuwa, wanda kamfanin Sony ya fitar a 1991, ba haka yake ba: ƙwayarsa in ta zarce bolt 4.2 tana iya kamawa da wuta. Da aka fara jera ƙwayoyi ɗaruruwa domin motoci, sai ya zama tilas cajar ta san halin kowace ƙwaya, ta sassauta kafin ta cika.