Tarihin Zakkar Amfanin Gona a Ƙasar Hausa

Zakkar amfanin gona ita ce kason da manomi Musulmi ke fitarwa daga hatsin da ya girbe idan ya kai nisabi, wato wasaƙi 5, kimanin sa'i 300. Gonar damina ɗaya cikin 10 ake fitarwa, wadda aka sha wahalar ban ruwanta kuwa ɗaya cikin 20. A ƙauyukan Hausa ba a cika jiran sussuka ba: a gona ake ƙirga dammunan gero ko dawa, na goma a jingine shi gefe.

An wajabta zakka a shekara ta 2 bayan Hijira, kuma aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade rukunin mutane takwas da za a ba wa, faƙirai da miskinai na kan gaba. Mazhabar Malikiyya, wadda Hausawa ke bi, ta ce a raba ta inda aka tara ta, kada a kai ta nesa sai in can sun fi buƙata. Wannan sharaɗin ne ya sa ta zama abincin bazawara da maraya da tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, musamman tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki harajin sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi, kuma bayan jihadin 1804 karɓar zakka ya koma hannun hukuma, ta hanyar dagatai da masu unguwanni. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai a hankali suka narkar da ita cikin haraji na kuɗi, wanda baitulmali yake shiga, ba tukunyar miskini ba. Manoma suka ci gaba da fitarwa da kansu, sai dai kaso mai tsoka wajen malamai da dangi yake tafiya, ko da akwai wanda ya fi su yunwa.

Hukuma ta sake sa hannu bayan Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a 1999. Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, jihohi da dama suka kafa tasu. Aikin ya fi armashi inda aka bar wa kwamitin gunduma tarawa da rabawa, domin mai unguwa ya san gidan da bai ɗora tukunya ba jiya.