Rage ƙiba bayan ɗaukewar al'ada ga mata masu matsalar tayirod

Mun tanadi wannan bayani ne domin iyayenmu mata da suka manyanta, da waɗanda ke kula da su, da kuma ma'aikatan lafiya da shugabannin al'umma a ƙananan hukumomi. Al'ada kan ɗauke wa yawancin mata tsakanin shekara 45 zuwa 55, ana kuma tabbatar da ɗaukewarta ne idan an cika wata 12 a jere ba a ga jini ba. A wannan tsakani mata da yawa kan lura cewa jikinsu yana ƙara nauyi, musamman a ciki da ƙugu, alhali ba su ƙara yawan abincin da suke ci ba. Idan aka haɗa da matsalar tayirod, sai lamarin ya ƙara rikicewa, domin alamomin abubuwan biyu sun yi kama da juna ƙwarai.

Mene ne tayirod?

Tayirod wata 'yar ƙaramar halitta ce da ke gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro kaɗan. Ita ce ke kumbura ta zama abin da muka sani da maƙoƙo. Aikinta shi ne samar da sinadaran da ke daidaita saurin da jiki ke sarrafa abinci ya mai da shi ƙarfi, kuma ba ta iya wannan aiki sai da sinadarin aidin, wanda ake samu a abinci. Idan aikinta ya yi rauni, komai na jiki sai ya yi sanyi: kasala, yawan jin sanyi, taurin bayan gida, bushewar fata, zubewar gashi, mantuwa, kumburin fuska da ƙarin nauyi. Idan kuwa aikinta ya wuce kima, sai a ga akasin haka, wato rama, bugun zuciya da sauri, yawan gumi, rawar hannu da rashin barci. Raunin tayirod ya fi samun mata a kan maza, yana kuma ƙaruwa da shekaru. Mace na iya samunsa ba tare da wuyanta ya kumbura ba, haka nan ba kowace mai maƙoƙo ce aikin tayirod ɗinta ya raunana ba.

Ba a gane wannan matsala da ido. Gwajin jini mai suna TSH shi ne matakin farko, ana kuma yin sa a manyan asibitoci da asibitocin koyarwa, irin su na Aminu Kano da ke Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Ƙaramin asibiti na iya tura mara lafiya da takarda.

Nawa ne rabon tayirod a cikin ƙibar?

A nan ne ake yawan kuskure. Ƙarin nauyin da raunin tayirod kan jawo bai cika wuce kilo 2 zuwa 5 ba, kuma mafi yawansa ruwa ne da gishiri da jiki ya riƙe. Saboda haka macen da ta ƙara kilo 15 ko 20 kada ta sa ran magani kaɗai zai sauke mata su. Sauran nauyin yana da nasa dalilai. Da shekaru, tsokar jiki kan ragu, ita kuwa tsoka ta fi kitse cin abinci ko da mutum yana zaune. Raguwar sinadarin mata na istirojin kan sa kitse ya bar cinyoyi da ɗuwawu ya koma ciki. Rashin barci saboda zafin jiki da gumin dare kan ƙara kwaɗayin abinci. Akwai kuma wani dalili na zamanmu: a daidai waɗannan shekaru ne uwa kan miƙa daka da surfe da ɗibar ruwa ga surukai da jikoki, ta koma zaman tabarma, amma kwanonta bai ragu ba, sau da yawa ma ya ƙaru saboda girmamawa. Mun saba ɗaukar ƙiba a matsayin alamar hutu, sai dai kitsen ciki shi ne mafi kusanci da hawan jini, ciwon suga da ciwon zuciya, ga kuma nauyin da yake ɗora wa gwiwoyi.

Hanya mafi sauƙi ta sanin matsayin mutum ita ce igiyar awo ta tela. A auna ƙugu daidai saitin cibiya. Ga mace, abin da ya haura santimita 80, wato kimanin inci 31 da rabi, gargaɗi ne. Wanda ya haura santimita 88, kimanin inci 35, haɗarinsa ya ƙaru sosai.

Shan magani yadda ya dace

Maganin raunin tayirod shi ne ƙwayar levothyroxine, kuma yawanci ana shan ta har ƙarshen rayuwa. Ƙwaya ce mai tsirfa, domin abinci kan hana ta shiga jini. A sha ta da ruwa zalla da sassafe, a jira minti 30 zuwa awa 1 kafin a karya, kafin ma shayi ko koko. Maganin ƙarin jini, da ƙwayar ƙarfin ƙashi ta kalsiyam, da ruwan maganin ƙwannafi, duk a ba su tazarar awa 4 da ita. Awara da madarar waken suya su ma suna rage shigarta, don haka kada a haɗa su lokaci ɗaya. Da azumi, mai shan maganin ta nemi likita ya tsara mata lokaci; wasu kan sha kafin sahur da rabin awa, wasu kuma lokacin kwanciya bayan awa 3 da cin abinci. Ana sake gwajin TSH bayan mako 6 zuwa 8 da fara magani ko canza adadinsa, daga baya kuma aƙalla sau ɗaya a shekara.

Muna jan kunne da babbar murya: kada a ƙara adadin wannan ƙwaya don neman rama, kada kuma wadda tayirod ɗinta ke lafiya ta ari ta wata. Yawanta kan birkita bugun zuciya, ya kuma zaizaye ƙashi, ga shi ƙashin mace ya riga ya fara rauni bayan ɗaukewar al'ada. Karayar ƙugu a wannan shekaru kan kwantar da mutum tsawon watanni. Haka nan shayin rage ƙiba da ake tallatawa a kasuwa da wayoyin hannu, galibinsa gudawa da fitsari yake sawa, ruwa ne ke fita ba kitse ba. An sha samun irin waɗannan kayayyaki ɗauke da sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda illarsa ga zuciya. Allurar rage ƙiba ta semaglutide kuwa ba a yin ta sai da umarnin likita, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi game da jabunta.

Abinci da motsa jiki

Ba a buƙatar abincin kanti ko yunwa. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi ya isa ya sassauta hawan jini da suga. Ga mai kilo 90, wannan na nufin kilo 4 da rabi zuwa 9, a hankali, kimanin rabin kilo a mako. A rage malmalar tuwo, a ƙara miyar ganye irin su zogale, alayyafo, rama da kuɓewa. A riƙa samun wake, ƙwai, kifi ko nono marar sukari kullum, domin su ne ke riƙe tsoka. Mai shi ne inda abin yake ɓuya: a riƙa auna shi da cokali maimakon tsiyayawa daga kwalba, a kuma rage soye-soye. Kwalbar lemo mai santilita 35 na ɗauke da sukari kimanin ƙaramin cokali 9, kuma kunu ko zoɓon da aka cika wa sukari bai bambanta da ita sosai ba.

Gero da rogo suna da sinadaran da kan iya takura wa tayirod, amma illar ta fi bayyana ne inda ake ƙarancin aidin. Ba mu ce a bar fura ko tuwon gero ba. A dai jiƙa rogo a sarrafa shi sosai, a kuma yi girki da gishiri mai aidin, wanda Nijeriya ta wajabta tun 1993. A adana shi a rufe, nesa da rana da danshi, kuma gaba ɗaya abin da mutum zai ci a yini kada ya kai ƙaramin cokali ɗaya, har da na dunƙulen ɗanɗano.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau 5, tare da aikin ƙarfafa tsoka sau 2. Tafiya da sauri a tsakar gida ko zuwa unguwa, shara, ɗan aikin lambu, tashi da zama a kan kujera sau 10, duk suna cikin lissafi.

Ga shugabanni da ma'aikatan lafiya

Muna roƙon dagatai, masu unguwanni da jami'an lafiya su sa ido a kan gishirin da ake aunawa a buɗe a kasuwannin ƙauye, su kuma ƙarfafa wa magidanta gwiwar kai iyayensu da matansu gwaji. A gaggauta tura mace babban asibiti idan tana ramewa ba dalili, ko zuciyarta na bugawa ba daidai ba, ko kumburin wuyanta na girma da sauri, yana hana haɗiya ko numfashi, ko muryarta ta dishe. Haka kuma duk jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada, komai ƙanƙantarsa, wajibi ne likita ya duba shi.