Baftismar Mai Bi: Ma'anarta da Mas'alar Shirin da Ke Gabanta

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi baftismar mai bi, watau wadda ake yi wa mutum mai hankali bayan ya furta bangaskiyarsa ga Yesu Almasihu da bakinsa. Ta bi asalinta cikin Sabon Alkawari da tarihin ikilisiya, sa'an nan ta tsaya a kan mas'ala guda, ita ce gwargwadon shirin da ya wajaba kafin a shiga ruwa. Ra'ayin da aka kai gare shi shi ne, manufar shirin ita ce tabbatar da sani da niyya, kuma duk sharaɗin da ya ƙetare waɗannan biyu yana bukatar hujja.

Ma'anarta ga ma'abotanta

Ikilisiyoyin da suka riƙi wannan mazhaba sun kafa hujjarsu a kan jerin da suke gani cikin umarnin Almasihu a ƙarshen Bisharar Matiyu, inda almajirtarwa ta zo da farko, baftisma ta biyo baya, koyarwa kuma ta ci gaba har ƙarshen rai. Ga ganinsu ruwa ba ya haifar da bangaskiya, shaida ce kawai yake bayarwa a kan abin da ya riga ya auku cikin zuciya. Mafi ƙarfin dalilinsu yana cikin sura ta shida ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, inda manzo ya danganta baftisma da mutuwar Almasihu da binne shi da tashinsa. Saboda haka galibinsu suka zaɓi nutsarwa a kan yayyafi, domin wanda aka nutsar har ruwa ya rufe shi, aka kuma ɗago shi a gaban jama'a, ya bayyana da jikinsa cewa tsohon mutum ya mutu, sabo ya tashi. Masu yi wa jarirai baftisma, irin su Katolika da Angilikan da Lutheran, suna da tasu hujjar, suna ambaton gidajen da aka yi wa baftisma gaba ɗaya cikin Ayyukan Manzanni, suna kuma ƙiyasta ta da kaciya a tsohon alkawari. Saɓanin ya daɗe, har manyan malamai na ƙarni na ashirin sun sake tayar da shi, yayin da Karl Barth ya soki baftismar jarirai a 1943, Oscar Cullmann kuma ya mayar masa da martani a 1948. Ba warware wannan ne nufinmu a nan ba.

Abin da ya dace a tuna shi ne tsadar da aka biya. A daren 21 ga Janairu 1525, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, Conrad Grebel ya yi wa George Blaurock baftisma, alhali an riga an yi masa tun yana jariri, hukuma kuwa ta ɗauki wannan a matsayin tawaye, har a ranar 5 ga Janairu 1527 aka nutsar da abokinsu Felix Manz cikin kogin Limmat ya mutu. Daga baya John Smyth ya kafa jama'arsa a Amstadam a 1609, wadda daga cikinta Baftis na Ingila suka fito, sa'an nan a 1708 mutum takwas, ciki har da Alexander Mack, suka shiga kogin Eder a Schwarzenau ta ƙasar Jamus. Zuriyar waɗannan takwas ce ta aiko Stover Kulp da Albert Helser zuwa Garkida a 1923, shi ya sa har yau Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya take nutsar da mai bi sau uku, yana durƙushe, fuskarsa tana gaba.

Mas'alar shiri

A nan ne nassi da al'adar ikilisiya suka yi kamar sun rabu. Cikin Ayyukan Manzanni ba a ga dogon jinkiri ba: wajen mutum dubu uku aka yi wa baftisma a ranar Fentikos da suka ji wa'azin Bitrus, ma'ajin sarauniyar Habasha ya sauka daga karusarsa a bakin ruwan da ya fara gani, yarin kurkukun Filibi kuwa ko wayewar gari bai jira ba. Amma kafin a yi nisa sai ga littafin Didake, wanda masana ke sanyawa wajen ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, ya gabatar da koyarwa a kan hanyar rai da hanyar mutuwa, ya kuma umarci mai neman baftisma da azumin kwana ɗaya ko biyu. Littafin da ake kira Al'adar Manzanni, wanda aka daɗe ana jingina wa Hippolytus na Roma ko da yake masana suna jayayya a kan marubucinsa, ya tsawaita zaman koyo har shekara uku, ya kuma sa a binciki sana'ar mutum tun daga ƙofa, ta yadda mai sassaƙa gumaka sai ya bar aikinsa kafin a karɓe shi. Wajen shekara ta 350 Cyril na Urushalima yana karantar da masu jiran baftisma darussa goma sha takwas cikin kwanakin azumin da ke gaban Ista.

Me ya kawo wannan bambanci? Amsar da aka saba bayarwa ita ce, mutanen ranar Fentikos sun riga sun san Attaura da Annabawa, ma'ajin Habasha ma littafin Ishaya yake karantawa, alhali waɗanda suka zo daga baya sun fito ne daga bautar gumaka cikin zamanin tsanani, inda wanda ya shiga ba da sani ba yake iya musun bangaskiyarsa a gaban alƙali, ya kuma tona asirin 'yan'uwansa. Amsar tana da ƙarfi, sai dai ba ta game yarin Filibi ba, wanda babu alamar yana da wani ilimi na dā, kuma abin da ya samu bai wuce bayanin dare ɗaya ba. Wannan ya nuna cewa tsawon lokaci hikima ce ta makiyaya gwargwadon halin zamani, ba rukuni ba ne. Al'adar Manzanni da kanta ta yi iƙrari da haka, domin bayan ta ambaci shekara uku ta ƙara da cewa mai himma ana duba halinsa ne, ba a ƙirga masa kwanaki, tambayoyin da ta tanada kuwa sun shafi ko ya girmama gwauraye, ko ya gai da marasa lafiya.

Yadda abin yake a ƙasarmu

Mishan ta SIM, wadda ta faro a 1893 kuma ECWA ta fito daga cikinta a 1954, ta shuka baftismar mai bi a wurare da dama na arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, tare da Baftis da 'Yan'uwa. Tsarin da ya zaunu sananne ne: mutum ya shiga ajin baftisma na wasu makonni ko watanni, ya koyi rukunan bangaskiya, ya ba da shaidar tubarsa a gaban fasto da dattawa, sa'an nan a kai shi rafi ko kwarmin da aka gina cikin majami'a, daga nan ya sami izinin cin Jibin Ubangiji. Akwai alheri mai yawa cikin wannan tsari, musamman ga wanda baftismarsa za ta iya raba shi da dangi ko gado, domin zalunci ne a tura mutum cikin ruwa ba a zauna da shi an lissafa abin da zai biyo baya ba, kuma ikilisiyar da ta yi masa baftisma ta ɗauki amanar riƙonsa idan gida ya juya masa baya.

Sai dai wurare uku suna bukatar gyara, ko da yake nauyinsu ba ɗaya ba ne. Na farko, inda aji ya koma jarrabawa, tsohuwar da ba ta iya karatu ba tana faɗuwa a kan haddar ayoyi, alhali ta fi matashin da ya haddace sanin wanda ta gaskata. Tun 1932 akwai Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, kuma koyar da karatunsa aikin lada ne, amma manzanni ba su sanya shi sharaɗi ba. Na biyu ya fi ɗaci, shi ne mai mata fiye da ɗaya wanda ya aure su kafin ya ba da gaskiya. Taron Lambeth na Angilikan ya hana irinsa baftisma a 1888, ya bar shi a matsayin mai koyo, sai bayan shekara ɗari, a 1988, aka yarda a karɓe shi bisa sharuɗɗa, ciki har da kada ya ƙara aure, kada kuma a tilasta masa sakin matansa. Ikilisiyar da ta ce ceto ta wurin bangaskiya ne, sa'an nan ta nemi mutum ya kori uwar 'ya'yansa kafin ya shaida wannan bangaskiya, ya kamata ta sake auna hukuncinta da ma'aunin koyarwarta, ta kuma tuna da matar da za a kora da 'ya'yanta.

Na uku shi ne wanda ba a cika magana a kansa ba, kuma shi ya fi yawa a yau. Galibin masu shiga aji 'ya'yan Kirista ne da suka tashi cikin majami'a, suna zuwa tare da tsaransu don shekarunsu sun kai, ko don aure ya gabato ana neman katin baftisma. Idan aka bar abin haka, baftismar mai bi ta koma al'adar balaga, ta rasa abin da Manz ya mutu dominsa, watau zaɓin mutum na kansa. Maganin wannan ba ƙarin makonni ba ne. Abin da ake bukata shi ne fasto ko dattijo ya keɓe da kowane mai nema shi kaɗai, ya saurare shi da harshen da ya fi ji, ya bar masa ƙofar cewa bai shirya ba tukuna ba tare da kunya ta kama shi ko iyayensa ba.

Saboda haka muna kira ga majalisun ikilisiyoyi da makarantun tauhidi su sake duba littattafan ajin baftisma, su rarrabe abin da ya wajaba a sani kafin ruwa da abin da za a koya bayansa, su kuma kafa ajin bayan baftisma da himmar da suke ba na gabanta.