Jinginar Gona a Ƙasar Zazzau

Tun kafin Turawa su sauka Zariya a 1902, mutanenmu na wajen Ikara da Makarfi da Kudan sun san aron gona da jingina. Mai aro yakan kai damin dawa da kaka, watau shaidar gonar ba tasa ba ce. Jingina kuwa ita ta fi jawo husuma. Mutum ya ba da kuɗi, ya riƙe gona, ya sha wahalar kai mata taki, sa'an nan ana gab da shuka mai ita ya zo da kuɗin fansa. To, takin fa, wa zai biya? Dokar 1910 ta sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna, amma irin wannan ƙara ba ta bar zauren dagaci da na alƙali ba.