Daga Tagar Asibiti Zuwa Rumfar Legas: Tarihin Maganin Shawarar Jarirai Da Haske



A Bagudo, da Kaoje, da Illo, har zuwa Lolo da Tsamiya a bakin iyakar Benin, abin da muke da shi a wadace shi ne rana. Don haka idan idon jariri ya yi ɗorawa, shawarar da ta fi saurin zuwa ita ce a fitar da shi hantsi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, sai dai rabin gaskiya ce, kuma tarihi zai nuna mana ɗaya rabin.

A shekarar 1956, a asibitin Rochford da ke Ingila, akwai wata nas mai suna Jean Ward da ke kula da bakwaini. Takan fitar da su tsakar asibiti su sha iska. Wata rana aka tuɓe wani jariri mai shawara, sai aka ga jikinsa ya washe, in ban da ɗan wurin da gefen zane ya rufe, wanda ya tsaya ɗorawa. Ba a jima ba aka bar kwalbar jinin wani jariri a bakin taga. Da aka auna, sinadarin da ke kawo shawara, wato bilirubin, ya ragu ƙwarai. Likita Richard Cremer da abokan aikinsa suka bi diddigi, suka haɗa fitila, suka wallafa sakamakon a mujallar Lancet a 1958. Amurka ba ta rungumi hanyar ba sai bayan gwajin Jerold Lucey a 1968.

Abin da aka gano shi ne, ba duk hasken rana ne magani ba. Ɓangaren shuɗi ne, mai tsawon zango nanomita 460 zuwa 490, yake sauya bilirubin a cikin fata yadda jiki zai fitar da shi ta fitsari da kashi, ba tare da jiran hantar jariri ta yi ƙwari ba. Sauran hasken kuwa, wani yana ƙona fata, wani yana ɗumama jiki har ruwa ya ƙare. Shi ya sa a asibiti ake rufe wa jariri ido, a auna nisan fitila da ƙarfinta, a riƙa duba zafin jikinsa da jininsa. Fitilar da ta tsufa tana ci gaba da haskawa alhali maganinta ya tafi.

Matsalarmu ita ce lantarki. Wannan ya sa Tina Slusher da Bolajoko Olusanya da abokansu suka gwada wata dabara a asibitin haihuwa na Island Maternity a Legas. Suka kafa rumfa, suka rufe ta da leda ta musamman mai tace haske mai cutarwa ta bar shuɗin ya wuce. Jarirai 447 aka gwada, masu shawarar da ba ta yi tsanani ba, ana duba zafin jikinsu kowace awa. Sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna rumfar ta yi aiki a kashi 93 cikin ɗari na kwanakin jinya, fitila kuma kashi 90. A lura, rana ce tatacciya, ga ma'aikaci a tsaye da ma'auni.

Shawarar da ta bayyana a ranar haihuwa, ko jariri ya ƙi kama nono, ko kukansa ya yi kaifi, ko wuyansa ya sandare baya, ba ta jiran ranar suna. Idan bilirubin ya shiga ƙwaƙwalwa yakan bar kurumta ko shanyewar gaɓoɓi har abada. Yara da yawa a ƙasarmu suna da ƙarancin G6PD a jini, kuma kafur ɗin da ake sawa a akwatin tufafi ko lalle kan iya fasa musu ƙwayoyin jini.

Duk wanda zai saka jariri mai shawara a labarinsa, kada ya warkar da shi da hantsi. Wata mai jego za ta karanta, ta ɗauka haka ake yi. Ku kai shi asibiti, ko da kuwa sai an haye Kwara an nufi Birnin Kebbi.

Allah Ya raya mana zuri'a.