Tsohuwar mota a Najeriya: A gyara ko a rabu da ita?

Da yawa daga cikin motocin da ke zirga-zirga a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Tambuwal da Aliero da Jega da Maiyama ta nufi Yawuri, sun haura shekara 20 da ƙerawa.

Daga cikinsu akwai Golf da Sharan na haya, da J5 masu dakon albasa, da kuma Corolla da Camry na ma'aikata da 'yan kasuwa.

Ga masu waɗannan motoci, a cikin gari ko a ƙauyuka irin su Kuberi, akan kai ranar da bakanike zai faɗi kuɗin gyaran da zai sa mutum ya yi jugum. Daga nan sai dai a zaɓi ɗaya, ko a sake zuba kuɗi, ko a haƙura da motar.

Ga bayani kan yadda aka shiga wannan hali, da abubuwan da ake dubawa kafin a yanke shawara.

Daga Kaduna zuwa Kwatano

A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka wadata, gwamnatin Najeriya ta haɗa gwiwa da kamfanonin Turai wajen kafa masana'antun harhaɗa motoci. An buɗe ta Peugeot a Kaduna a 1975, ga ta Volkswagen a Legas, da ta Steyr a Bauchi, da ta manyan motocin Fiat a Kano.

Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, ta zama motar gwamnati da ta haya baki ɗaya. An ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har zuwa tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Turai.

Sai dai shirin tsuke bakin aljihu na SAP, wanda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shi a 1986, ya karya darajar naira. Sabuwar mota ta fi ƙarfin matsakaicin ma'aikaci, sai jama'a suka koma ga motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam.

Da yake da yawansu ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Jamhuriyar Benin suke shigowa, sai suka sami sunan 'yan Kwatano a arewa. Jihar Kebbi, mai iyaka da Benin da Nijar, na daga cikin hanyoyin da suka riƙa bi.

Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya ce, daga 2015 zuwa 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14. Kimanin kashi 40 cikin 100 Afirka aka kawo su.

Me ya sa sauya mota ya yi wuya?

Gwamnatoci daban-daban sun yi ta ƙoƙarin rage kwararar tsofaffin motoci. A farkon shekarun 2000, gwamnatin Olusegun Obasanjo ta hana shigo da motar da ta wuce shekara 5, daga baya aka mayar da wa'adin shekara 8. A 2010 ya kai shekara 15.

A 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta fito da wani tsari da ya ɗaga harajin shigo da ƙananan motoci zuwa kashi 70 cikin 100, da nufin farfaɗo da masana'antun cikin gida.

Daga ranar 1 ga watan Janairun 2017, gwamnatin Muhammadu Buhari ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. A watan Agustan 2019 kuma aka rufe iyakokin gaba ɗaya. Ba a sake buɗe ta Kamba da ke jihar Kebbi ba sai a watan Afrilun 2022.

Babban sauyi ya zo ne a 2023. Ranar 29 ga watan Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024.

A watan Yunin 2023 aka bar kasuwa ta yi wa naira farashi. Dalar Amurka da ke kusan naira 460 a hukumance ta zarce naira 1,500 a farkon 2024.

Da dala ake sayen mota a waje, kuma da farashin dala kwastan ke lissafin haraji. Saboda haka farashin 'yar Kwatano ya ninka, kayan gyara ma suka bi sahu. Wanda ya sayar da tsohuwar motarsa yakan tarar cewa kuɗin ba za su sayi irinta ba, balle wadda ta fi ta.

Ba kowane gyara ne alamar tsufa ba

Kanikawa kan raba matsalolin mota gida uku.

Na farko su ne kayan da dama an yi su ne don su ƙare, kamar taya da batir da fulogi da fanbel da takalmin birki da kuloci. Ko sabuwar mota ce sai an canza mata su, don haka ba dalili ba ne na rabuwa da mota.

Na biyu su ne manyan sassa, wato inji da giya. Idan inji ya buga, ko ya fara shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, to akwai zaɓi biyu. Ko a sauke shi a canza masa fistin da zobba, ko a sayo wani injin na hannu a ɗora.

Farin hayaƙi mai kauri, da raguwar ruwan lagireto ba tare da an ga inda yake zuba ba, kan nuna cewa gaskit ya ƙone. Idan aka gano da wuri, gyaran bai kai na sauke inji ba.

Na uku shi ne ƙashin motar. Idan shasi ya lanƙwashe a haɗari, ko tsatsa ta cinye wuraren da inji da ƙafafu ke zaune, walda ba ta mayar da shi yadda yake. Irin wannan mota kan riƙa cin taya ta gefe guda, kuma ba ta kare waɗanda ke cikinta idan an yi karo.

A taƙaice, mota mai lafiyayyen jiki da mataccen inji tana gyaruwa. Mai lafiyayyen inji da ruɓaɓɓen shasi kuwa, kwananta ya ƙare.

Zafi da ƙura

Yanayin yankin Kebbi da Sakkwato na da nasa tasirin. Ƙarancin laima na sa tsatsa ba ta cin mota kamar yadda take yi a Legas ko Fatakwal, abin da ke ƙara wa jikin mota kwana.

Amma daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma a lokacin ne lagireto da robobin ruwa da batir ke shan wahala. Ƙurar hunturu kan toshe matatar iska, idan kuma matatar ta yage, ƙurar ta shiga inji ta riƙa cin ƙarfe a hankali.

Man 'yan bumburutu da aka gauraya, da baƙin mai na jabu, da lodin da ya wuce ƙima a lokacin kakar albasa da shinkafa, duk suna rage wa mota kwana.

Haka kuma akwai motocin da tun daga waje suke zuwa da cutarsu. Wasu daga cikin waɗanda ake kawowa daga Amurka an saye su ne a gwanjon kamfanonin inshora, bayan sun yi haɗari ko ambaliya ta shafe su. Ana iya bincika tarihin irin waɗannan ta lambar shasi mai haruffa da lambobi 17.

Yadda ake lissafi

A ƙasashen yamma akan ba da shawarar a bar mota idan kuɗin gyara ya kai rabin darajarta. Wannan ma'auni bai cika dacewa da Najeriya ba, domin ladan bakanike na da sauƙi idan aka kwatanta, sauya mota kuma na da tsada ƙwarai.

Abin da ya fi dacewa shi ne a kwatanta kuɗin riƙe tsohuwar na tsawon shekara ɗaya ko biyu da kuɗin maye gurbinta.

A ɓangare guda akwai gyaran da ke gaba, da wanda ake hasashen zai biyo baya, da mai, da ranakun da motar ke kwana a gareji. Ga direban haya, kowace rana a gareji asarar kuɗin cefane ce.

A ɗaya ɓangaren akwai cikon da za a yi bayan an sayar da tsohuwar, da la'adar dillali, da kuɗin takardu, da gyaran farko da kusan kowace motar hannu ke buƙata.

Shan mai ma abin dubawa ne. Misali, idan wata mota na shan lita 12 a kilomita 100, wata kuma lita 8, to a tafiyar kilomita dubu 20 bambancin ya kai lita 800. Idan lita na naira 1,000, an tashi da naira dubu 800 ke nan.

Kuɗin da aka riga aka kashe a baya ba sa shiga wannan lissafi. Mutane da dama kan ci gaba da gyara don kawai sun sa sabon inji bara, alhali kuɗin bara ba za su dawo ba ko an riƙe motar ko an sayar.

Ga mai niyyar cin bashi, Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024. Bankunan da ba sa hulɗa da riba, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, kan sayi motar su sayar wa mutum da ribar da aka amince da ita, ya biya a hankali.

Kayan gyara da hannun bakanike

Tsawon ran mota ya danganta da samun kayanta. Kasuwannin Ladipo a Legas, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Nnewi a jihar Anambra su ne manyan cibiyoyin da ƙananan 'yan kasuwa ke saro kaya.

Motar da irinta ta yawaita, kamar Toyota ko Golf, ana iya samun kayanta a Jega ko Birnin Kebbi. Wadda ba ta da 'yan uwa a gari kuwa, ƙaramin abu kan zaunar da ita makonni.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 na da wurin jona na'urar gano matsala. Yin amfani da ita kafin a kwance inji na hana gyaran gangar Auzinawa, inda ake canza sassa ɗaya bayan ɗaya bisa zato. Jin ta bakin bakanike na biyu ma na da amfani, musamman wanda ba shi zai sayar da kayan ba.

Batun rai

Akwai abin da lissafin kuɗi ba ya ɗauka. Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, sun nuna cewa sama da mutum 5,000 ne suka mutu a haɗurran mota a 2023, haka ma a 2024. Gudun wuce sa'a ne kan gaba, amma fashewar taya da shanyewar birki na cikin dalilan da hukumar ke lissafawa.

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Tayar da ta tsufa kan fashe a kan zazzafar kwalta ko da zanenta bai gama gogewa ba.

Idan mai mota ya kai matsayin da ba ya iya sayen taya da birki masu kyau, to motar ta fi ƙarfinsa, ko da injinta na tashi da bugu ɗaya.

Idan rabuwa ta zo

Ana iya sayar da motar yadda take, ko a yi musaya da ciko, ko a sayar da sassanta ɗaiɗai, ko a miƙa ta ga 'yan gwangwan su auna ƙarfen. Akwalar da kayanta ke da kasuwa takan fi kawo kuɗi idan an farke ta.

Malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi cewa ɓoye aibin kaya ga mai saye haramun ne, kuma mai saye na da damar mayar da kayan idan ya gano tsohon aibin da aka rufe masa. Zuba baƙin mai mai kauri don ɓoye ƙarar inji, ko mayar da lambar tafiya baya, na shiga wannan babi.

Rubuta takardar ciniki a gaban shaidu da sauya sunan mallaka na kare mai sayarwa, idan aka aikata laifi da motar daga baya.

A wasu ƙasashe gwamnati kan sa hannu. A 2009 Jamus ta riƙa ba da yuro 2,500 ga wanda ya miƙa motar da ta kai shekara 9 ya sayi sabuwa, Birtaniya ta ba da fam 2,000, Amurka kuma har dala 4,500.

A Najeriya kuwa nauyin na kan mai motar ne kacokan. Muddin sabuwar mota ta fi ƙarfin mafi yawan jama'a, garejojin Jega da na sauran garuruwan arewa za su ci gaba da samun aiki, kuma motoci da dama za su ci gaba da sauya hannu har sau uku ko huɗu kafin su isa wurin 'yan gwangwan.