Tsirya a Keji: Nazari kan Kiwon Tsuntsu Mai Magana a Ƙasar Maraɗi

Bahaushen birni yakan haɗa duk tsuntsun da ke kwaikwayon magana ya kira shi aku, amma manomin Sae Sabuwa ya san bambanci. Aku mai launin toka da jar wutsiya baƙo ne a nan. Gidansa kurmin Kamaru da Gabon da Kongo. Sunansa ya zauna a bakin masu karatu tun da Abubakar Imam ya naɗa aku waziri a Magana Jari Ce a 1937. Tsirya kuwa ƴar gida ce: koriya shar, baki ja, tsawonta kamar santimita 40, fiye da rabi wutsiya. Masana na kiranta Psittacula krameri, kuma ana samunta daga Sanagal har Habasha, da can Indiya. Namijin kan fito da zobe baƙi da ja-ja a wuya wajen shekara 3. Tana da babbar ƴar'uwa a Indiya, mai kai santimita 58, wadda aka sa wa sunan Iskandar mai girma.

Tambayar da ta fi damuna ita ce me ya sa take magana. Muryarta na fitowa ne daga wata gaɓa a ƙasan maƙogwaro, inda hanyar numfashi ta rabu biyu, harshenta mai kauri ya gyara sautin. Wannan ya bayyana yadda take yi. Dalilin yana ga zamanta na garke. A daji, tsirya na koyon kiran ƴan'uwanta don ta gane su, su gane ta. In aka ɗauke ta tana ƴar tsako, mutanen gida su ne garkenta, sai ta kama sallamarsu, da sunayen yara, har tarin maigida. Binciken Irene Pepperberg a Amurka da akunta Alex, daga 1977 zuwa mutuwarsa a 2007, ya nuna tsuntsun na iya danganta kalma da launi da adadi, amma da koyarwa ta kullum, fuska da fuska. Ke nan maganar da muke sha'awa neman zumunta ce. Wanda ya rataye keji a zaure ya tafi gona tun asuba ya bar halitta mai kewa ita kaɗai, kuma sakamakon sananne ne: ihu, cizo, da fizgar gashin jikinta har ƙirji ya zama fili. Tsirya na iya kai shekara 20 zuwa 30 a hannu. Yaron da ya kawo ta zai yi aure, ya haihu, tana nan.

Abinci ma akwai kuskure, kuma kuskuren ƙasar gyaɗa ne. Gyaɗa tana da kitse mai yawa, kuma wadda ta yi fumfuna tana lalata hanta da huhu. Gero da dawa, ganyen zogale, karas, gwaiba da mangwaro sun fi dacewa da tsirya; fiya kuwa guba ce gare ta. Busasshen kashinta na iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa wa mutum zazzaɓi da ciwon huhu, don haka a yayyafa ruwa kafin shara.

Inda lamarin ya fi nauyi shi ne gindin itace. Tsirya ba ta saƙa sheƙa. Kogon tsohon itace take nema, kuka ko gawo ko tsamiya, wanda ruɓa ko maƙwaƙwafi ya huda. Jihar Maraɗi ta yi suna a duniya da sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona, aikin da Tony Rinaudo ya fara yaɗawa tare da manoma tun 1983, kuma garin Ɗan Saga na Agye ya zama abin misali a kansa. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kadada miliyan 5 a Nijar. Sai dai yawancinsu matasa ne, kogo kuwa sai itace ya tsufa. Mai neman ƴan tsaki da ya faskare bakin kogo da gatari ya kwashe na bana, ya kuma rushe ɗakin da za a yi ta ƙyanƙyasa a ciki shekaru masu yawa. Na fahimci manomin da ke ganin tsirya ɓarauniyar zangarniya ce, don tana yi masa ɓarna da gaske, amma korarta daga gona daban, fasa kogonta daban.

Tsirya ba ta cikin haɗarin ƙarewa. Har a Landan ta yi garke. Haka aka ɗauki aku a dā. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta tun 1992, kuma a 2016 ɗin ne taron CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, a Johannesburg ya hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Tsirya tana hayayyafa a keji ba wuya, in an ba namiji da mace akwatin katako mai rami, kuma ɗan da aka ƙyanƙyashe a gida ya fi saurin sabo da hannu da kama magana. Mai son kiwo a Gidan Rumji ko Gazawa, daga nan ya kamata ya nemi tasa.